Babur Mai Nauyi

Komai ya lalace ranar da gwamnatin soja ta ƙara mana albashi, na tafi sayen babur.

Biyu na gani a Ƙofar Taramniya: ƙarami marar nauyi mai kaushin taya, da wani ƙato mai ƙyalli. Matata ta ce, "Malam, ɗauki ƙaramin. Hanyar garinmu rairayi ce."

Na yi dariya. Ni ne mai karatu, kuma abokan ofis za su gani. Na ɗauki ƙaton.

Ta tafi garinsu haihuwa. Ranar da aka aiko cewa jikinta ya tsananta, tana neman ganina, ƙaton ya kafe a rairayi, na kasa ɗaga shi. Na ƙarasa a ƙasa, na tarar ana dawowa daga maƙabarta, an binne ta.

Kalma ɗaya na riƙo mata tun daga hanya: gaskiyarki.