Jami'a ta Uku a Takardarsa

Saura kwana biyu a rufe neman gurbin digirin digirgir, mai binciken sauro ta je ɗauko takardarta a na'urar buga takardu, sai ta tarar da ta abokin aikinta. Jami'o'i uku ya zaɓa, sak irin nata. Abin ya ɗaure mata kai.

Yana shigowa ta ɗaga masa takardar.

"Malam, kai da ke binciken ƙasar noma, me ya kai ka ta ukun nan? Ba su da sashenka fa."

Ya sunkuyar da kai yana murza alƙalami.

"Na sani. Ai suna da naki."

Ta daɗe tana kallonsa, kamar yau ta fara ganinsa. Sannan ta jawo masa kujera.

"To zauna, mu nemo wadda za ta ɗauke mu duka."