"Lafiya Lau" Ɗin Mai Faci

Zauna tukuna, Lawwali. Tun da ka shigo nake ganin kana juya takardar asibitin nan kamar za ta ƙone ka, wai kana jin nauyin a rubuta cewa ɗanka yana da fuka kafin a yi masa allurar rigakafi. Haba, ɗana! Bari in ba ka misali.

An yi wani mai faci a bakin titi, ƙarƙashin darbejiya, kusa da bencin da abokansa ke zaman hira. Gwani ne, ba ƙarya. In aka kawo masa tayar da ke sacewa ba ya musu da mai ita, sai ya hura tiyub ɗin ya danna shi cikin bahon ruwa, inda kumfa ta taso nan hujin yake. Yana da 'ya guda, shekararta biyar, mai sikila. A zatonsa daga shi sai matarsa suka sani. Dalili kuwa, kafin aurensa wani abokinsa direban tasi ya ba shi shawara su je a gwada jininsu, shi da yarinyar da zai aura. Ya yi masa dariya a gaban mutane, ya ce shi da Allah ya dogara, ba da kwalbar likita ba. Da aka haifi 'yar ta fara kumburin hannu da ƙafa, sai kunya ta sa ya ɓoye wa kowa. In ta kwanta ya ce zazzaɓin damina ne, in idonta ya yi ɗorawa ya ce shawara ce.

Ana nan, a zamanin korona, aka ce an kawo allurar rigakafi ta ƙananan yara garin, amma kaɗan ce, za a fara da masu wani ciwo a jiki kamar sikila da fuka da ciwon zuciya. Wata ma'aikaciyar lafiya ta biyo layin tana ɗaukar sunaye. Ta tsaya wurin mai faci, benci cike da mutane, direban nan ma yana zaune yana shan rake. Ta gaishe shi, ta tambaya ko akwai yaro mai irin wannan lalura a gidansa. Wallahi saura ƙiris ya faɗa. Ya dubi direban, ya dubi bahonsa, ya ce, "Lafiya lau, Hajiya." Ka dai san mu da "lafiya lau", mutum yana gargara in ka gaishe shi ita zai ba ka. Amma wannan ba gaisuwa ba ce, tambaya ce, kuma ya sani sarai. Ta wuce gaba. Ya ce a ransa gobe zai bi ta asibiti shi kaɗai, inda babu kunnen kowa. Gobe ta yi aka kawo masa tayoyin babbar mota, jibi ya ce sai rana ta yi sanyi. Kafin mako ya zagayo allurar ta ƙare. Matarsa ta ji labari a bakin maƙwabciya, ta dai ajiye masa tuwo ta koma ɗaki.

Bayan wata biyu ya kwaso mura a bakin titi. Shi kwana uku ta sake shi, yarinyar kuwa ta kama ta a ƙirji. Numfashi ya gagara, aka kwantar da ita, aka sa mata robar iska a hanci. Gwaji ya nuna korona ce, ta kuma tayar da sikilar, jininta ya yi ƙasa. Likita ya ce a nemo jini leda biyu yanzu-yanzu, nasa kuma bai dace da nata ba. Da rana tsaka bawan Allahn nan ya tako da ƙafa har gindin darbejiya, ya tsaya gaban 'yan bencin da ya ɓoye wa maganar, kansa a ƙasa, ya ce 'yarsa sikila gare ta, jini ake nema. Ya jira dariya, ko a ce masa "ai na gaya maka". Direban ya ajiye rakensa, ya lalubo makullin mota, ya ce, "Tun tana goye muka sani. Jira muke ka faɗa." Mutum shida suka cika tasi ɗin. Kunyar da ya ji a kujerar baya, a matse tsakanin mutanen da ya ɓoye wa abin da suka daɗe da sani, ta fi duk wadda ya yi gudu sau dubu.

Yarinyar ta tashi, alhamdu lillahi, bayan kwana goma sha tara. Amma har yau in ta ɗan yi gudu sai ta dafa bango ta huta. Likita bai ce da an yi allurar ba abin da zai same ta ba, cewa ya yi wataƙila da bai kai haka ba. Wannan "wataƙila" ɗin uban ke ɗauke da ita duk lokacin da ya ga ta dafa bango. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana nemo hujin tayar wasu, nasa ya danne da yatsa.

Kada ka tambaye ni sunansa, kuma ka daina kallon baƙin taya da ke hannuna. Ɗauki biro, rubuta fuka da manyan baƙaƙe, gobe da sassafe ka kai yaron da kanka. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.