Zuwairar da ke cikin ordinatar

Baiwa na fitowa daga wankan jego, sai ta jiyo mijinta soja, Kafaran Shekara, a zaure yana waya ƙasa-ƙasa.

"Sarsan, don Allah saka Zuwaira a ordinatar, injin albashin nan, yau-yau. E, ƙarƙashin sunana. Cinta da shanta duk a wuyana."

Zuwaira? Ita ko suna ba a yi ba, har ya samo wata a Damagaram, wurin aikinsa? A farin nan, da tiyar hatsi ke gagarar mutanen Matamaye? Ta faɗa zauren, jikinta na tururi.

"Wace ce Zuwaira? 'Yar lakwal ce ko, 'yar boko? Fara ce?"

"Maijego, rage murya, Baba na ciki."

"Ba na ragewa! Kai ka ce tun da aka haɗa albashin sojoji cikin injin nan ɗaya, wanda aka saka ba ya fita!"

"Haka ne. Kuma in ba a saka ta yau ba, kuɗin iyali na watan nan ya wuce ta."

"To, tashi ka kai ni in gan ta!"

Ya tuntsire da dariya, ya nuna ɗakinta. "Ga ta can kan gadonki tana barci. Sunan da na raɗa mata ke nan. Na so ki ji a bakin liman ranar suna."

Baiwa ta waiga ɗakin. Murmushi ya kubce mata, sai kuma ta haɗe rai.

"Wato ni na sha naƙuda, amma inji ya riga ni jin sunan?"