Ranar da Taswira Ta Yi Ƙarya

Tun bayan azahar Malam Isyaku yake kutsawa lungunan Jakara yana neman 'yarsa Zinariya. Shekarunta huɗu. Hannunta kawai ya saki don ya gyara takalmi, da ya ɗago babu ita.

Ya tambayi dukawa, ya leƙa zauruka. Wasu su girgiza kai, wasu su bi shi da kallo. Rijiyar da yake tsoron ko ciki ta faɗa ma ya neme ta ya rasa, shago ya tarar a wurin.

Ya ci gaba da tafiya. Baƙin agogon da ke hannunsa ya dame shi da tsuwa, ya so ya ɓalle shi, maɗaurin ya ƙi.

A rumfar Maharazu mai gyaran waya, rediyo na bayani: iskar da rana ke fesowa ta bugi maganaɗisun duniya. Guguwar ƙarama ce, amma na'urorin da ke nuna wuri ta tauraron ɗan'adam za su iya yin kuskure.

"Baba, zauna ka sha ruwa," in ji Maharazu. "Yau ko taswirar wayata cewa take yi ina unguwar Koki."

"Ina ruwana da rana? 'Yata ce ta ɓata."

Bai zauna ba. Aka kira la'asar yana tafe yana kiran sunanta, har muryarsa ta dushe. Ya tuna kwata, ya tuna babura, ya rasa da wane baki zai gaya wa uwarta. Daga ƙarshe ƙafa ta ƙi. Ya zube a wani dakali, hawaye na bin gemunsa.

Nan wata mata ta same shi, tana haki, waya a hannu, mayafi ya zame. Ta durƙusa a gabansa.

"Agogon nan na hannunka ya nuna a wayata kana Koki, can kuma ya ce Zaitawa. Babu lungun da ban shiga ba."

"Baiwar Allah," ya ce, "ko kin ga wata yarinya? Fara ce, da jar riga. Zinariya sunanta."

Matar ta share ido da gefen mayafi, ta riƙe hannunsa gam.

"Ni ce Zinariya, Baba. Tashi mu je gida, jikokinka sun ƙi cin abinci sai ka dawo."