Kilo Hamsin da Biyu

"Ƙara ɗaya," in ji tela, idonsa na kan sikeli. Ƙarafan motsa jiki na kanti sun fi ƙarfin aljihunsa, shi ya sa ya zo wurin mai gwangwan.

"Malam, da hannun nan naka kamar sillen kara? Fara da kilo goma mana."

"Hamsin da biyu nake so."

Kuɗinsa bai kai ba, ya kwance agogonsa ya cika.

Mai gwangwan ya yi dariya. "Wace yarinya ce ta ce sai mai ƙirji?"

Tela ya rungumi buhun ƙarafan, ya yunƙura. Buhu ko gezau.

"Nauyin mahaifiyata ke nan," in ji shi. "Jiya ta faɗi a banɗaki, na kasa ɗaga ta."