Jar Fitila a Kwanar Arnage

Ghislaine na cikin tsiyaya kofi a murfin filas ta ji taya ta fashe. Awa goma sha takwas ke nan ana tseren motoci na Le Mans a Faransa, mai ɗaukar awa ashirin da huɗu, saura shida, hantsi ya dubi ƙasa sosai. Ta shekara ashirin da biyu tana aikin kaɗa wa direbobi tutar gargaɗi a kwanar Arnage, kuma tun jiya take ƙirga zagayen mota mai lamba talatin da ɗaya a zuciyarta. Motar ce kuwa ta taho a karkace.

Motar ta daki shingen ƙarfe, ta yi sama, ta wulwula sau biyu, ta faɗo da ciki. Ƙafa ɗaya ta cire ta nufi daji. Wuta ta kama ta baya.

Irin motocin nan masu haɗa injin mai da batir suna da fitila a gefe. In ta nuna kore, a taɓa. In ta nuna ja, lantarki ya bi jikin motar, wanda ya ɗora mata hannu ya zama gawa. Ghislaine ta duba. Ja ce.

Ta yi ihu a rediyo. Aka ce masu ceto da safar roba mai kare lantarki na tafe, minti ɗaya. Abokan aikinta suka tsaya daga nesa suna fesa maganin wuta. Shugabansu Didier ya waiwayo ya dube ta, ya yi maza ya kau da kai.

Sai wata mota ta ci birki a bayansu. Fausto Bellandi, direban da suka kwana suna kokawar zuwa na ɗaya da lamba talatin da ɗaya, ya diro, ya cire safar hannunsa, ya zabura. Ghislaine ta sha gabansa.

"Fitilar ja ce! Koma!"

"Kauce min, tsohuwar banza! Bastien ne ke ƙonewa a ciki!"

Ya kai mata naushi a baki, haƙori ya yi tsalle kan tsakuwa. Ta faɗi, ta cafko ƙafarsa, ya tattake mata yatsu ya wuce. Saura taku uku ya kama ƙofar motar ta tashi da sandar tuta, ta maka masa a wuyan hannu. Ƙashin ya ce ƙas. Ta ƙara masa a bayan gwiwa, ya kife, ta haye gadon bayansa ta danne shi. Yana zaginta, yana kai mata gwiwar hannu a haƙarƙari, ita kuwa tana ƙirga daƙiƙoƙi a fili, jini na bin haɓarta.

Ta cikin hayaƙi ana hango hannun Bastien yana dukan gilashi. Ba ta ɗaga ido ba, ƙarar kawai take ji. Tana kai arba'in da huɗu dukan ya tsaya.

Masu safar roba suka iso, suka kashe lantarkin, suka ɓalle ƙofar, suka jawo Bastien rigarsa na hayaƙi.

A asibitin filin tsere aka zaunar da ita da Fausto a benci ɗaya, shi hannu a ɗaure, ita baki a kumbure. Wani injiniya ya zo ya ce sun auna lantarkin jikin motar, da Fausto ya taɓa ta da yanzu maganar gawarsa ake yi. Fausto ya ce bai tambaye shi ba.

"Da kin bar ni, da na ciro shi," ya ce da ita. "Kina zaune a kaina kina ƙirge kamar mai dafa ƙwai. Anya akwai zuciya a ƙirjinki?"

Ta danna tsumma a bakinta.

Can sai likita ya fito, ya sauke abin rufe bakinsa. Ya ce hayaƙi ya riga ya cinye huhun, sun yi iyakar ƙoƙarinsu. Ya tambaya ko akwai mai lambar wayar iyalin Bastien Rouault, a sanar da su kafin 'yan jarida su riga.

Ghislaine ta tofar da jini a tsumma, ta dafa bango ta miƙe.

"Ba sai an kira kowa ba, likita. Ni na haife shi."