Amalen Kawu Ilu

Ina da shekara tara aka kai ni hutu Tarka, wurin ƙanen mahaifiyata, Kawu Ilu. A lokacin ni ne na ɗaya a ajinmu na lakwal a Tanut. Na san sunan raƙumi da Faransanci, ina rubuta shi ba kuskure. Hawansa ne kawai ban taɓa yi ba.

Da la'asar Kawu ya gurfanar da amalensa a bakin rijiya, ya ce in hau. Na ce cikina ke ciwo.

"Ku ƙyale ɗan lakwal," in ji Hadiza, babbar 'yarsa, "sai an ɗaura masa benci a doro."

Na san in na ƙi, zancen nan zai bi ni har furfura, don taubashi ba ya mantuwa.

Kawu bai yi dariya ba. Ya cire mini takalma, ya ɗora tafin ƙafata a wuyan raƙumin. Har yau ina jin ɗumin gashin nan.

"In ya jefa ka gaba, kada ka rungumi sirdi," ya ce. "Kwanta baya, ka bar shi ya gama tashinsa. Tsoro kuwa, hau da abinka, ba ya ƙara wa raƙumi nauyi."

Amale ya yunƙura, na kurma ihun da ya watsa awaki. Amma sirdi ban rungume shi ba, kuma wannan nake faɗa wa jikokina kafin komai.

Da na buɗe ido, ga Hadiza can ƙasa, baki buɗe.

"Kawu," na ce, "a kai ni bakin kwari."

Ya miƙo mini akala. "Kai kanka."